BABI NA UKU: ZAƁEN FUROSESA DA BABBAN ALLO WAJEN HARHAƊA KWAMFUTAR WASA A YANKIN BANGA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda wasannin kwamfuta suka shigo ƙasar Hausa da irin karɓuwar da suka samu wurin matasa. Wannan babi kuwa zai duba mataki na farko da mai son harhaɗa kwamfutar wasa da hannunsa yake takawa, wato zaɓen furosesa da babban allon da za ta zauna a kansa. An keɓe wa waɗannan sassa biyu babi guda ne saboda duk sauran kayan da za a saya su ne za su bi. Idan aka yi kuskure a nan, to gyaransa yakan zama sake sayen rabin kwamfutar.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a yanki irin na Banga ba a zaɓen furosesa don girman sunanta. Ana zaɓenta ne tare da allon da zai ɗauke ta, bayan an auna wutar da za ta sha, da zafin da za ta jure, da kuma nisan kasuwar da za a koma idan wani abu ya lalace.

3.1 Yankin da Ake Magana a Kansa

Banga gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda a arewacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Ƙaura Namoda ita ce mahaɗar hanyoyin wannan shiyya, domin daga nan hanya take rabuwa, ɗaya ta nufi Shinkafi, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. Garin ya daɗe da sanin baƙin abubuwa, don kuwa layin dogo ya iso shi tun shekarar 1929, sannan an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya a can a shekarar 1983. Ɗaliban wannan makaranta suna cikin waɗanda suka sa kwamfuta ta zama abin da ido ya saba gani a yankin.

Duk da haka, mafi yawan matasan yankin sun fara sanin wasan ne a gidajen gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a na'urar PlayStation. Ita wannan na'ura a rufe take zuwa, mai saye ba ya da zaɓi a kan abin da ke cikinta. Kamfanin Sony ne ya zaɓa masa, kuma a PlayStation 4 ta shekarar 2013 da PlayStation 5 ta shekarar 2020 furosesar kamfanin AMD aka sa. Kwamfutar tebur kuwa ta bambanta, domin mai ita shi ne zai tara sassanta ɗaya bayan ɗaya. Amfaninta shi ne, bayan wasa ana iya buga takardu da ita, da gyaran hoto da bidiyon biki, da cike takardun neman makaranta. Saboda haka ga matashin da ya tara kuɗinsa daga noma ko kasuwanci, wannan ba sayen abin wasa ne kaɗai ba, jari ne.

3.2 Ma'anar Furosesa da Babban Allo

3.2.1 Furosesa

Furosesa ita ce sashen da yake gudanar da lissafi da bin umarni a cikin kwamfuta, shi ya sa wasu suke kiranta ƙwaƙwalwar kwamfuta. 'Yar ƙaramar aba ce mai kusurwa huɗu, faɗinta bai wuce na akwatin ashana ba. A lokacin wasa, ita ce take lura da maɓallin da mai wasa ya danna, ta lissafa inda ƙwallo za ta faɗa, ta tsara motsin sauran 'yan wasa, sannan ta miƙa wa katin hoto aikin zana abin da za a gani a monita.

Kamfanin Intel na Amurka, wanda Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a shekarar 1968, shi ne ya fitar da furosesa mai suna 4004 a shekarar 1971, kuma tana ɗauke da taransisto 2,300. Furosesoshin wannan zamani suna ɗauke da biliyoyi. Kamfanin AMD kuwa an kafa shi a shekarar 1969. Waɗannan kamfanoni biyu su ne suke yin furosesoshin da ake harhaɗa kwamfutar wasa da su, wato jerin Core na Intel da jerin Ryzen na AMD wanda ya fara fitowa a shekarar 2017.

3.2.2 Babban Allo

Babban allo shi ne faffaɗan farantin da ake dasa duk sauran sassa a kansa. Masu gyara sun fi kiransa madabod, ko kuma bod a taƙaice. A kansa furosesa take zama, a kansa ake soka ram da katin hoto da rumbun ajiya, kuma ta cikin siraran hanyoyin da aka shimfiɗa a jikinsa ne wuta da saƙonni suke yawo. Idan aka kwatanta furosesa da maigida, to babban allo shi ne gidan, da ɗakunansa da ƙofofinsa da zaurensa. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera shi sun haɗa da ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, dukkansu na Taiwan.

Girman allo iri uku ne aka fi sani. Akwai ATX, wanda Intel ya fito da tsarinsa a shekarar 1995, mai tsawon milimita 305 da faɗin 244. Akwai micro-ATX mai milimita 244 ta kowane gefe, sai kuma mini-ITX mai milimita 170 ta kowane gefe. Wajibi ne akwatin da za a saya ya dace da girman allon. Ga mai ƙaramin ƙarfi, na tsakiyar ya fi dacewa, domin yakan fi sauƙin kuɗi kuma yana ɗaukar duk abin da mai wasa yake bukata.

3.3 Dacewar Furosesa da Allo

3.3.1 Soket

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan allo, kuma shi ne abu na farko da za a duba. Furosesar Intel ba ta zama a allon AMD, haka kuma ta AMD ba ta zama a allon Intel. Ko a cikin kamfani ɗaya ma, kowane zamani da soket ɗinsa. A wajen Intel, soket LGA1155 na shekarar 2011 yana ɗaukar zubi na 2 da na 3, LGA1150 na shekarar 2013 yana ɗaukar zubi na 4, LGA1200 na shekarar 2020 yana ɗaukar zubi na 10 da na 11, LGA1700 na shekarar 2021 yana ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, sannan LGA1851 ya fito a shekarar 2024 domin jerin Core Ultra 200S. A wajen AMD kuwa, soket AM4 da ya fito a shekarar 2016 ya ɗauki jerin Ryzen 1000 har zuwa 5000, sai AM5 ya biyo baya a shekarar 2022.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai neman sauƙi. Tunda AM4 ya ɗauki shekaru ana yi masa furosesoshi, wanda ya sayi allonsa yana iya farawa da ƙaramar furosesa, in ya samu hali daga baya ya sauya ta da babba ba tare da ya taɓa allon ba.

Har ila yau, akwai bambanci a wurin da allurai suke. A tsarin AM4 alluran guda 1,331 a jikin furosesa suke, amma a allunan Intel da na AM5 a cikin soket suke. Alluran nan sirara ne ƙwarai, ɗan yatsa ma yana lanƙwasa su. Allura ɗaya da ta lanƙwashe tana iya hana kwamfuta tashi, ko ta sa gurbin ram guda ya daina aiki.

3.3.2 Ram

Ram ita ce ma'ajiyar wucin gadi da furosesa take ɗora aikin da take yi a kai. Ana da DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma ba a musanya su, domin tsagar da ke jikin kowacce ba wuri ɗaya take ba. Allon AM4 DDR4 kaɗai yake ɗauka, allon AM5 da na LGA1851 kuwa DDR5 kaɗai. Inda ake yawan ruɗewa shi ne LGA1700, saboda akwai allunansa masu ɗaukar DDR4, akwai kuma masu ɗaukar DDR5, amma galibi allo ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. Ke nan wanda yake da tsohuwar ram ta DDR4 da yake son ci gaba da amfani da ita, dole ya karanta abin da aka rubuta a kwalin allon kafin ya biya kuɗi. Haka kuma sanda biyu masu gigabait 8 kowacce sun fi sanda ɗaya mai gigabait 16 sauri, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

3.3.3 Cifset da BIOS

Cifset shi ne yake fayyace darajar allo da yawan abin da za a iya jona masa. Harafin farko na lambarsa yana nuna matsayinsa. A ɓangaren Intel akwai H610 na ƙasa, da B660 da B760 na tsakiya, da Z690 da Z790 na sama. A ɓangaren AMD akwai A520 na ƙasa, da B450 da B550 na tsakiya, da X570 na sama. Ya kamata a fahimci cewa allo mai tsada ba ya ƙara wa wasa gudu da kansa. Abin da yake ƙarawa shi ne yawan gurabu da ƙofofi, da ingancin sashen da yake daidaita wutar furosesa, da damar tura furosesa ta wuce saurin da aka ƙayyade mata. Wannan dama ta ƙarshe ba ta da wani amfani a wurin da wuta da sanyi suka yi ƙaranci.

BIOS kuwa ƙaramar manhaja ce da ke cikin allo, wadda take tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe. Akan samu allon da soket ɗinsa ya dace da furosesa amma BIOS ɗinsa ya girme ta, saboda haka bai san ta ba. Misali, allon B450 ya fito a shekarar 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai a shekarar 2020, don haka tsohon B450 ba ya tashi da su sai an sabunta BIOS ɗinsa. Ana sabuntawar ne da fayil ɗin da ake saukewa daga intanet, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, allon yana iya mutuwa. Abin da ya fi ga mutumin Banga shi ne ya sa a sabunta masa a shagon da ya saya, a gaban idonsa.

3.4 Abubuwan da Ake Dubawa a Jikin Furosesa

3.4.1 Ƙwayoyi da Sauri

A cikin kowace furosesa akwai ƙwayoyin aiki, kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci guda ce a gona. Sauri kuwa da gigahaz ake auna shi. Sai dai kamar yadda gayya ba ta amfani idan kuyya ɗaya ce za a nome, haka yawan ƙwayoyi ba ya amfani idan wasan bai iya raba musu aiki ba. Ƙwayoyi shida sun wadatar ga mafi yawan wasannin da matasa suka fi so, irin su EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin shekarar 2023, da eFootball, wanda aka sani da PES kafin shekarar 2021, da GTA V da ya fito a kwamfuta a shekarar 2015. A irin waɗannan wasanni katin hoto ne ya fi ɗaukar nauyi. Saboda haka wanda ya zuba duk kuɗinsa a kan furosesa mai ƙwayoyi goma sha shida, ya rage canji ya sayi raunanan katin hoto, ya zama kamar wanda ya sayi ingarma ya ɗaura masa amalanke mai karyayyar ƙafa.

3.4.2 Zubi

Kuskuren da ya fi yawa a kasuwa shi ne ɗaukar cewa kowace i7 ta fi kowace i5, kowace i5 kuma ta fi kowace i3. Wannan gaskiya ne kawai idan zubinsu ɗaya. Lambar da take biye da sunan ita ce take nuna zubi. A Core i7-3770, lamba 3 ta farko tana nufin zubi na 3, wato ta shekarar 2012. A Core i3-12100 kuwa, lamba 12 tana nufin zubi na 12, wato ta shekarar 2022. Dukkansu ƙwayoyi huɗu gare su, amma i3 ɗin nan ta yi wa i7 ɗin nisa a wajen aiki. Mai saye da ya tsaya a kan jin sunan i7 kaɗai yana iya komawa gida da kayan da suka shekara goma sha wani abu. Masu iya magana na cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Zubi yana da alaƙa da manhaja ma. Windows 11 ta shekarar 2021 tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000 zuwa sama, tare da tsarin tsaro na TPM 2.0. Kamfanin Microsoft ya dakatar da tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan ya rage wa tsofaffin furosesoshi daraja ƙwarai.

3.4.3 Harafin Ƙarshe

Harafin da ke ƙarshen lamba ma yana da ma'ana. A wajen Intel, F tana nufin furosesar ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, K kuma tana nufin an buɗe ta don a ƙara mata sauri. A jerin Ryzen na AM4, mai harafin G ce take da sashen hoto, wadda ba ta da shi kuwa babu. Abin lura a nan shi ne, ƙofar HDMI da ke bayan allo ba ta fitar da komai idan furosesar ba ta da sashen hoto. Wanda ya sayi Core i5-12400F ko Ryzen 5 5600 ba tare da katin hoto ba, zai kunna kwamfuta fanka ta yi ta juyawa amma monita ta tsaya baƙa ƙirin, har ya zaci an cuce shi, alhali kuwa lafiyar kayan lau.

3.5 Tasirin Yanayin Yankin

3.5.1 Wutar Lantarki

Jihar Zamfara tana cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna yake kula da su, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, mai sana'ar da take bukatar wuta yakan dogara ne da janareta ko sola. Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa da janareta ta yi tana aiki ta zama abin lissafi. Don haka wat ɗin da furosesa take sha ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ana iya ganin bambancin ta hanyar lissafi mai sauƙi. A ɗauka an haɗa kwamfuta da Ryzen 5 5600 wadda aka rubuta mata wat 65, da katin hoto GTX 1650 mai wat 75, sauran sassa da monita kuma a ƙaddara musu wat 80. Jimla ta kama wat 220. A ɗauka kuma an haɗa wata da Core i9-13900K, wadda takan kai wat 253 idan aiki ya yi nauyi, da katin RTX 4090 mai wat 450. Idan aka ƙara wat 80 na sauran sassa, jimla ta doshi wat 800. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da ƙarfin wat 2,400 na awa guda, kuma idan mai ruwa ne, ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 1,200. Kwamfuta ta farko za ta yi kimanin awa biyar a kan wannan batiri, ta biyu kuwa awa ɗaya da rabi. Ga mai gidan gem da yake karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wannan shi ne bambancin riba da faɗuwa.

Bayan yawan wuta akwai ingancinta. Wutar da take hawa da sauka, ko wadda take dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, da tsawar damina da take bi ta waya, duk suna ƙona allo. Saboda haka ana so a ware kuɗin fawa-fak mai inganci da sitabilaiza ko UPS tun a lissafin farko, ko da hakan zai sa a sauko daga babbar furosesa zuwa matsakaiciya.

3.5.2 Zafi

A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Duk wutar da furosesa ta sha zafi take zama, kuma fanka ba ta yin sanyi da kanta, iskar ɗaki take turawa ta cikin ƙarfen da ke zuƙe zafin. Idan iskar ɗakin da kanta ta yi zafi, kamar yadda ake gani a shagon kwano da tsakar rana, to aikin fanka ya ragu. Furosesa tana da iyakar zafin da take jurewa, tsakanin digiri 90 da 100 gwargwadon irinta, kuma da zarar ta kai nan sai ta rage gudunta don ta tsira. Ke nan babbar furosesa a ɗaki mai zafi tana iya komawa aiki kamar matsakaiciya, alhali an biya kuɗin babba. Daɗin daɗawa, yana da kyau a zaɓi allon da aka ɗora wa ƙarfen zuƙe zafi a kan sashen daidaita wuta da ke kewaye da soket, domin allunan ƙasa da yawa tsirara suke zuwa a wannan wuri.

3.5.3 Ƙura da Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan cika ko'ina. Tana toshe tsakanin ƙarafan sanyaya, ta shiga gurbin ram ta hana shi haɗuwa sosai. Akwati mai raga a gaba, da ɗora kwamfuta a kan tebur maimakon ƙasa, da hure ta lokaci-lokaci suna rage wannan illa. Haka nan bushewar iska a wannan lokaci tana sa jikin mutum ya tara irin wutar nan da take ɗan jan hannu idan an taɓa ƙarfe ko bargo. Wannan 'yar wuta tana iya lalata allo. Don haka mai harhaɗawa ya fara taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki wani sashe, ya kuma riƙe allo ta gefensa.

3.6 Kasuwa: Sabo da na Hannu

Banga ba gari ne na cinikin kayan kwamfuta ba. Mai bukata yakan fara neman su a Gusau, idan bai samu ba ya nufi Kano, inda Titin Beirut da kasuwar Farm Centre suka yi suna wajen wayoyi da kayan kwamfuta, ko kuma ya yi saƙo daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Wannan ya tura masu saye da yawa zuwa ga kayan hannu, waɗanda ake kira tokumbo.

Furosesar hannu ba ta da haɗari sosai, domin ba kasafai take mutuwa ba. Sai dai akwai togiya. A shekarar 2024 Intel ya amsa cewa wasu manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa sannu a hankali saboda yawan wutar da suke nema, har ya fitar da gyara ta hanyar BIOS ya kuma ƙara musu garanti na shekara biyu. Gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, saboda haka sayen irinsu a hannu kasada ne. Babban allo na hannu kuwa ya fi bukatar bincike. Ana duba alluran soket a cikin haske, a duba ko akwai alamar ƙuna ko tsatsa, a gwada kowane gurbin ram da kowace ƙofa, sannan a bar kwamfutar ta ɗan jima tana wasa kafin a biya.

Wata hanyar da ake bi ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell a ƙara mata katin hoto. Tana da araha, amma araha ba ta ado. Da yawa daga cikinsu allonsu da fawa-fak ɗinsu na musamman ne, wayarsu ba irin mai baki 24 da aka saba ba ce, kuma ƙananan akwatunansu ba sa ɗaukar babban kati. Idan allon ya mutu, samun madadinsa yana wuya.

Nisan kasuwa shi ne ya ƙara wa duk waɗannan nauyi. Matsalar tsaro ta sa tafiya a hanyoyin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda ta zama abin da ake yi da taka-tsantsan, ba a yin ta don mayar da allon da bai dace ba. Haka kuma a watan Satumba na shekarar 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara har tsawon makonni, abin da ya nuna cewa ba a dogara da intanet wajen tayar da sabuwar kwamfuta. Hikima ita ce a sayi furosesa da allo da ram a shago ɗaya, a haɗa su a kunna a nan take, a kuma kwafo manhajojin da allon yake bukata a filas kafin a baro garin.

3.7 Misalan Haɗi Guda Uku

Domin a ga yadda bayanan da suka gabata suke aiki, ga misalai uku:

(a) Mai ƙaramin ƙarfi da bai kai ga katin hoto ba: Ryzen 5 5600G ta shekarar 2021, mai ƙwayoyi 6 da wat 65, a kan allon A520 ko B450 da aka sabunta, da ram DDR4 sanda biyu. Za ta buga wasannin ƙwallo da tsofaffin wasanni idan aka rage ƙyallin hoto, kuma ana iya ƙara mata kati daga baya.

(b) Mai matsakaicin ƙarfi: Ryzen 5 5600 a kan allon B550, ko Core i5-12400F a kan allon B660 ko B760 mai ɗaukar DDR4. Dukkansu suna bukatar katin hoto, irin RX 6600 mai wat 132. Wannan haɗi ne ya fi dacewa da gidan gem mai aiki da sola.

(c) Mai hali da yake hangen gaba: Ryzen 5 7600 a kan allon B650 na soket AM5, da ram DDR5. Kuɗin farko ya fi yawa, amma allon zai karɓi sababbin furosesoshi irin jerin Ryzen 9000 na shekarar 2024.

A duk misalan uku ba a kawo furosesar da aka rubuta wa fiye da wat 65 ba, kuma ba a kawo allo daga sahun sama ba. Kuɗin da aka rage a nan su ne za su tafi ga katin hoto da kariyar wuta.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar furosesa da babban allo, an kuma nuna cewa soket da ram da cifset da BIOS su ne suke tabbatar da dacewarsu. An bayyana yadda ake karanta zubi da harafin ƙarshe domin kauce wa ruɗin suna. Daga nan aka duba yadda wuta da zafi da ƙura da nisan kasuwa suke sauya lissafin mai saye a yankin Banga, inda ta bayyana cewa matsakaiciyar furosesa mai ƙwayoyi shida a kan allon tsakiya, wadda aka gwada kafin a baro shago, ta fi babba amfani a wannan wuri. Daidai ruwa, daidai tsaki. Babi na gaba zai duba katin hoto da fawa-fak, da yadda ake auna su da abin da aka zaɓa a nan.